Na Ƙasa Ya Sha?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya, ya rasu ranar Talata da hantsi. Muka kai shi makwancinsa bayan azahar.

Ban taɓa zaton ƙofar gidanmu za ta ɗauki jama'a haka ba. An zo daga Kura, an zo daga Bunkure da Kadawa, har da wasu dattawa daga Madobi da ban san inda suka san shi ba. Tabarmi suka ƙare, aka shiga aron buhuna ana shimfiɗawa. Wani tsohon Bafulatani daga rugar da ke bayan gonakinmu ya zauna can gefe da sandarsa, da zai tashi ya ce, "Yanzu kuma wa zai tsaya mana a kan mashaya?" Samarin da suka sha faɗan Baffa a bakin kanal su ne suka yi rububin ɗaukar makara. Na ji ɗayansu yana cewa, "Tsohon nan ya takura mana, amma wallahi shi kaɗai ya gane sistem ɗin ruwan nan." Daga cikin gida kuwa ana jiyo Inna, matarsa, tana faɗa wa mata cewa ko ruwan randarta sai ya leƙa ya ga yadda ake kashe shi. Tana faɗa tana dariya, dariyar tana komawa kuka.

A maƙabarta, da aka gama rufe shi, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, duk wanda mamacin nan ya taɓa ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa." Aka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Sai wata murya ta biyo baya ita kaɗai. Aminin Baffa ne na ƙuruciya, mutumin da ya shekara bakwai ba ya amsa gaisuwarsa.

"Ni ma na yafe masa," in ji shi. "Na yafe masa tumatirina."

Mutane suka ce madalla, wasu har da kabbara. Ni kuwa ina tsaye da ƙasar kabarin a hannuna, na ji kamar a tone a haɗa da ni. Domin Baffa bai taɓa wa mutumin nan tumatir ba. Ni na taɓa. Saboda wannan nake rubutun nan, kada a bar sunansa ya kwanta da laifin da ba nasa ba.

Wanda bai san noman rani a wajenmu ba, bari in yi masa bayani kaɗan. Ruwan madatsar Tiga yana zuwa ta babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana. Ƙaramin kanal ɗinmu yana bi ta gefen gonaki a jere. Waɗanda ruwa ke fara iskewa su ne 'yan kai, na can ƙarshe kuma 'yan wutsiya. Kowa yana da tiyo, wani lanƙwasasshen bututu da ake jefawa ya zuƙo ruwa daga kanal zuwa cikin fangali. In 'yan kai suka zuba tiyo yadda suka ga dama, na wutsiya sai dai ya kalli laka. Gonar Baffa ita ce ta farko a layinmu, tawa da na gada ita ce ta biyu, ta amininsa kuma ita ce ta ƙarshe. Su biyun tare suka yi leburancin haƙa kanal ɗin nan suna samari, kuma kwano ɗaya suke cin abinci tun kafin a haife ni.

Manoman layinmu ne suka zaɓi Baffa ya zama mai rabon ruwa. Ba albashi, ba kaki, ba takarda. Abin aikinsa wata sandar gora ce mai tsaga uku. Kullum da safe zai wuce gonarsa ko kallonta bai yi ba, ya taka har wutsiya, ya tsoma sandar. In ruwa bai kai tsagar tsakiya ba, to babu ɗan kai da zai jefa tiyo, ko da ganyen tumatirinsa ya langaɓe. Shi da ruwa ke fara gaisarwa, shi ne na ƙarshen ban-ruwa. Mahaifina ma, Allah ya jiƙansa, an ce yakan ce wan nan nasa an ba shi gonar kai ne bisa kuskure.

Daga nan gaisuwarsa ta samo asali. Baffa ba ya ce maka ina kwana a gona. Sai dai ya tsaya, ya dogara sandar, ya ce, "Na ƙasa ya sha?" Kai kuma ka ce, "Ya sha, Baffa." In ka amsa da sauri fiye da kima, sai ya ce, "To mu je mu gani," ya sa ka a gaba cikin rana har wutsiya. Mutane suka mai da maganar abin tsokana. A shagon mai shayi, in wani ya kai kofi baki, sai a ce masa na ƙasa ya sha? A gida ma haka yake. Ba ya sa hannu a tuwo sai ya tambaya ko an zuba wa na cikin gida, kuma da kalmomin nan uku yake tambayar.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Baffa yana da mita. Zai iya maimaita maka laifin jiya har ka gwammace ya mare ka a wuce wurin. Kuma a kan ruwa ba ya jin kunyar kowa. Akwai ranar da ya tarar da surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya gama feshin maganin tsutsa yana ɗauraye famfon feshin a cikin kanal. Kowa ya san yadda ake kunyar suruki a wajenmu. Baffa ya ciro ɗan kwanon shansa daga aljihu, ya kamfato ruwan daidai inda kumfar ke tafiya, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Bismillah, jiƙa maƙoshi."

"Haba Baba, ai magani ne a ciki."

"Au, ka sani? To matan rugar can da shi suke dama fura."

Surukin nan wata guda bai iya bin ta ƙofar gidanmu ba. Inna ta yi ta faɗa, wai ya kunyata yaron mutane. Baffa ya ce ai shi ruwa kawai ya ba baƙo. Amma tun daga ranar, duk mai feshi a layinmu sai ya ɗebi ruwa a bokiti ya koma can cikin gona ya wanke famfonsa.

Da shanu suka riƙa rusa gefen kanal in sun zo sha, manoma suka taru suka ce a hana Fulani matsowa gaba ɗaya. Baffa ya ce ruwan ya baro Tiga ne ba da sunan kowa a jikinsa ba. Ya yi sati yana jidar duwatsu a baro, ya gyara wani gangare a ƙasan gonaki, ya daɓe shi ya zama mashaya, ya ce shanu su bi ta nan kawai. Haka ranar gayyar yanke kachalla, ciyawar nan mai toshe kanal. Kowa zai tsaya a baki yana nannaɗe wando yana lissafin matsattsaku, sai ka ga Baffa tuni ya kai ƙugu a ruwa da laujensa, yana mita ba tare da ya waiwayo ba. Dole ka bi shi ko don kunya.

Wannan shi ne mutumin da na sa aka kira ɓarawon ruwa.

Shekara bakwai ke nan. Bazara ce, zafi ya yi zafi, ruwa ya ja baya a kanal. Aka sanar cewa ranar Juma'a da la'asar za a rufe ruwan ɓangarenmu na kwana goma domin gyara. Baffa ya yi rabo. Mu 'yan kai muka sha ranar Laraba, na tsakiya Alhamis, Juma'a kuma daga hantsi zuwa la'asar ta 'yan wutsiya ce. Tumatirin kowa yana cikin fure. Na yi ta kallon nawa ina lissafi, daga Laraba zuwa ranar da za a buɗe, kwana goma sha biyu. Na ce ba zai kai ba. Gaskiya ita ce da zai kai, sai dai ya ɗan wahala. Amma zuciya ta riga ta raya mini abin da ta raya.

A wajenmu ba a gadin ruwa ranar Juma'a. Wanda rabon ruwa ya zo kansa zai jera tiyonsa ya bar ruwa yana shiga, ya tafi gida ya yi wanka ya wuce masallaci. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai Musulmin da zai bar sallar Juma'a don ya taɓa ruwan wani. Ni na san haka, kuma da shi na yi amfani. Na ce wa matata cikina ke murɗawa. Da gari ya yi tsit, na zagaya ta baya na nufi gona. Na cika buhunan taki uku da ƙasa, na datse kanal daidai iyakata da Baffa, na zuba tiyo shida. Ruwa ya taru, ya cika fangalina, ya tumbatsa har ya malala cikin gonar Baffa. Ina jin huɗuba daga lasifikar wani gari can nesa, ina tsaye cikin laka ina gyara bututu.

Na yi niyyar kwashe komai kafin a sauko. Na ciro buhu biyu, na ukun ya nutse a laka ya ƙi fitowa. Ina cikin kokawa da shi na hango farar riga tana tahowa. Na kwashi tiyona da buhunan nan biyu na faɗa cikin masarar maƙwabci na tsuguna.

Baffa ne. Daga masallaci ko gida bai biya ba. Ya tsaya ya dubi gonata, ya dubi tasa, ya dubi kanal ɗin da ya koma siriri daga nan zuwa ƙasa. Bai ko tuɓe rigar Juma'arsa ba ya shiga. Ya sunkuya ya rungumo buhun, ya ɗago shi da ƙyar. Duk buhunana ina shafa musu jan fenti a gefe don kada su ɓace a wurin sussuka, kowa a layin ya san alamar. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kanta.

Daidai nan amininsa ya iso a guje, ya baro gonarsa da ya tarar a bushe. Me zai gani? Mai rabon ruwa tsaye cikin kanal da buhun datsiya a hannu, gonarsa jiƙe sharkaf, ta ɗan ƙaninsa jiƙe sharkaf.

"Kai?" in ji shi. "Kai da kanka?"

Baffa ya juya buhun a hankali, ya manna gefen fentin a ƙirjinsa. Ina tsugune tsakanina da su bai fi taku ashirin ba. Da na miƙe kawai, da magana ta ƙare. Ban miƙe ba.

Ɗan ruwan da ya gangara kafin la'asar ko rabin gonar wutsiya bai jiƙa ba. Aka rufe ruwa. Kafin a buɗe, furen tumatirin mutumin nan ya kakkaɓe, abin da ya rage rana ta ƙone shi.

Dokar layinmu, wadda Baffa da bakinsa ya kafa, ita ce duk wanda ya datse ruwa an hana shi jefa tiyo har ƙarshen rani. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Aminin ya miƙe ya ce, "Shekara arba'in ina cin tuwo kwano ɗaya da ɓarawon ruwa ban sani ba." Mai unguwa ya ce, "Malam, kai ne ka datse?" Baffa ba ya ƙarya, don haka bai ce e ba. Cewa ya yi, "Abin da ya gani, ya gani. A yi mini abin da doka ta ce." Ya ajiye sandar gorar a gaban mai unguwa. Da ba wanda ya ɗauka, sai ya sunkuya ya ɗauki abarsa ya tafi gida.

Ina wurin. Har baki na sa. Na ce, "A yi haƙuri, jama'a, tsufa ne." Duk abin da na aikata a ranar Juma'ar nan bai kai wannan maganar ƙona mini rai ba.

Tumatirin Baffa ya bushe a gabana, nawa yana dab da shi yana ja. Na cika kwanduna a shekarar, aka loda a mota aka yi Kudu da su. Mutane suna ta yi mini barka.

Na jira ya kira ni. Mutumin da zai yi maka mitar kwana uku a kan tiyo ɗaya da ka manta, na ce lallai akwai ranar da zai rufe ƙofa ya wanke ni tas. Bai taɓa yi ba. Abu ɗaya kawai ya canza. Washegarin taron na same shi a bakin gona, ya dube ni ya ce, "Ina kwana." Ya ci gaba da tambayar kowa ko na ƙasa ya sha, har 'yan ci-rani da ba su san ma'anar ba. Ni kaɗai yake ce wa ina kwana, kamar baƙon da ya sauka daga mota. Shekara bakwai ina amsa wannan gaisuwar.

Na sha cewa gobe zan faɗa. In damina ta zo in ce sai rani, in rani ya zo in ce magana ta riga ta tsufa, tayar da ita sai ya fi ɓata zumunci. Ina da dalilai masu kyau da yawa, duk na tsoro ne.

Kuma ba su biyun kaɗai na cuta ba. Tun da aka ce mai rabon ruwa da kansa ya datse, wa zai ƙara jin kunya? Aka naɗa wani, ya yi wata biyu ya gudu. Yau ka bi layinmu ka ga buhuna a cikin kanal da rana tsaka, ba mai ɓoyewa. Wani ma fasa gefen kanal ɗin yake da fartanya don ya fi tiyo sauri. An daina gayya, kachalla ta cinye rabin hanya. Gonaki huɗun ƙarshe sun daina noman rani. In aka zauna ana zagin zamani da lalacewar mutane, har da ni ake gyaɗa kai. Wani lokaci nakan ce Baffa ma ya yi kuskure, da ya tona ni da layin bai mutu ba. Wataƙila haka ne. Sau ɗaya a rayuwarsa ya fifita na kai a kan na ƙasa, kuma saboda ni ne.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, Inna ta aika a kira ni ɗakinta. Ta jawo sandar gorar daga bayan gado, ta haɗa da wani tsohon buhu a ninke. Na san buhun. Shi Baffa yake shimfiɗawa ya zauna a bakin kanal duk shekarun nan, ban taɓa kula ba, domin kullum gefe ɗaya yake kallon sama.

"Ya ce in ta Allah ta kasance, a ba mai shi," in ji Inna. "Na ce wane ne mai shi? Ya ce in ba ka, kai ka sani."

Na buɗe. Fentin ya koɗe, amma yana nan.

Da safe na saɓi sandar, na ɗauki buhun, na bi kanal daga kai zuwa wutsiya, tafiyar da na shekara bakwai ina kauce wa. Tun daga tsakiya ruwa ya ƙare. Na sami aminin Baffa a gonarsa yana tattara karan dawar damina, don ita kaɗai yake nomawa yanzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini gaisuwar rashi. Na shimfiɗa buhun a gabansa, fentin yana sama.

"Baba, wannan ne buhun da ka gani a hannunsa."

Ya dube shi, ya dube ni.

"Nawa ne. Ni na datse. Ban je masallaci ba ranar. Shi cirowa ya zo yi. Ina cikin masara ina kallonku."

Na zaci zai ɗaga kara ya shauɗa mini, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya zauna daɓas a kan kunya.

"Ranar Juma'a," ya ce, "za ka tsaya a ƙofar gidan mai unguwa, inda na faɗi waccan maganar, ka faɗi wannan."

"Zan faɗa, Baba. Ka yafe mini."

Kamar bai ji ba. Ya sa hannu yana shafa buhun.

"Sallah bakwai yana zuwa ƙofar gidana," in ji shi. "Ya yi sallama, in ce a ce ba na nan. Yana jin muryata. Ya tsaya, ya tsaya, ya tafi. Da ya kwanta ciwo ya aiko har sau biyu." Ya saki buhun. "Na je kan kabarinsa ina taƙama wai na yafe masa. Ni!"

Na sake cewa, "Baba, don Allah ka yafe mini."

Ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ni.

"Kai ka ji daɗi, ɗan nan. Wanda za ka roƙa ga shi zaune a gabanka. Ni fa? Wa zan je in roƙa?"

Na faɗa ranar Juma'ar, a gaban kowa, ga shi kuma na rubuta don wanda bai ji ba ya ji. Amma tambayar nan har yau ban samo mata amsa ba, kuma ni na jawo masa ita.

Ya Allah, bawanka ya yi rayuwarsa yana shan ruwa a ƙarshe. Ka jiƙansa, ka haskaka kabarinsa, ka sa shi cikin na farkon sha a tafkin Manzonka. Mu da ya bari, ka ba mu kunyar da za ta hana mu tun kafin mu aikata. Amin.